Yadda Tarihin Mazaɓar Okotoks-High River Ya Raba Ni Da Kujerata

Shekara biyu na yi ina shugabantar ƙaramar ƙungiyarmu ta Hausawa mazauna Calgary a lardin Alberta na ƙasar Kanada, mu goma sha takwas ne har da matanmu, kuma da ban je garin High River da ke kudu da Calgary ba wata Asabar, da har yanzu ina kan kujerar.

Mun shiga wani shagon shayi a garin, sai wani dattijon manomi da ya ji ina karatun kimiyyar siyasa ya jawo kujera, ya fara ba ni tarihin tsohuwar mazaɓarsu ta majalisar lardi, wato Okotoks-High River, wadda aka kafa a 1930 aka rushe a 1971. Ya ce da fari George Hoadley na jam'iyyar manoma ne ke wakiltarsu, mutumin da ya shiga majalisa tun 1909 har ya riƙe ma'aikatar gona, amma guguwar 1935 ta yi awon gaba da shi. A shekarar ce jam'iyyar Social Credit ta cinye kujeru 56 cikin 63, bayan ta yi wa kowane baligi alkawarin dala 25 duk wata, a lokacin da fari da karyewar farashin alkama suka durƙusar da manoma. Jagoranta William Aberhart, malamin makaranta mai wa'azi a rediyo, bai ma tsaya takara ba, don haka William Morrison da ya kayar da Hoadley ya sauka ya ba shi wuri, Aberhart ya zama wakilinsu ba hamayya. A 1936 kuma gwamnatinsa ta yi dokar kiranye, wadda ta ba masu zaɓe ikon tsige wakilinsu idan kashi biyu bisa uku suka sa hannu.

Daidai nan matata Hajiya ta taɓo ni ta ce, "Baban Amira, dusar ƙanƙara ta fara sauka," muka tashi, dattijon yana ɗaga yatsa yana cewa bai gama ba. Ni kuwa na riga na samu abin da nake so, domin na daɗe ina neman hanyar da zan raba ma'ajinmu da jakar ƙungiya, mutumin da ba ya fitar da ko kuɗin lemo sai an kawo masa rasit.

A taro na gaba na miƙe da babbar riga a kan rigar sanyi, na yi jawabin minti arba'in a kan manoman Alberta da wayewarsu, na kawo ƙudurin kiranye da sharaɗin kashi biyu bisa uku, wato mutum goma sha biyu. Ya wuce babu ko tari. Ma'aji ne ma ya fara ɗaga hannu yana murmushi, abin da ya kamata ya sa in tsargu.

Sai da na zauna rubuta wani aikin makaranta na karanta ragowar labarin da dattijon ya so ya ƙarasa. Ashe dala 25 ɗin ba ta taɓa zuwa ba, kuma mutumin farko da aka ɗauko wa dokar kiranye shi ne Aberhart da kansa, a hannun mutanen mazaɓar da suka karɓe shi ba hamayya. Da takardar sa hannu ta yi nisa a 1937, majalisa ta soke dokar, ta kuma mayar da sokewar baya kamar ba a taɓa yin ta ba. A zaɓen 1940 ya koma Calgary ya tsaya, su kuma mutanen mazaɓar suka zaɓi ɗan takara mai zaman kansa, kafin su huce su koma wa Social Credit a 1944.

Ban gama juya wannan a raina ba sai ga saƙo a WhatsApp: hoton takarda mai sunana a sama, da sa hannun mutum goma sha ɗaya a ƙasa. Laifuffukan da aka jera sun haɗa da tsawaita jawabi, da alkawarin ragon layya na haɗin gwiwa da na yi shekara biyu a jere ba a ga ko ƙahonsa ba.

Tunda ina da abin koyi, na kira taron gaggawa na kawo ƙudurin soke dokar tun daga ranar da aka yi ta. Abin da na manta shi ne, Aberhart yana da rinjaye a majalisa, ni kuwa da aka ce masu goyon baya su ɗaga hannu, nawa ne kaɗai ya tashi, sai na wani yaro ɗan shekara huɗu da ke neman a miƙo masa cincin.

Duk da haka na kwantar da hankalina, domin saura mutum ɗaya, kuma na san babu mai cikewa. Ma'aji ya zagaya da takardar a kan farantin da aka ci sambusa, har ya iso kan Hajiya. Ta dube ni, ta ce, "Baban Amira, ka yi haƙuri, shekara biyu ke nan falona ne zauren taro, kuma ni ce mai wanke-wanke." Sannan ta miƙo hannu ta zare biron da ke aljihun rigata.