Wa ya ce masa ya janye?

Ranar Asabar 28 ga Mayu, 2022, ina zaune cikin mota a bakin wurin aikina a Kolombiya, babban birnin jihar Karolina ta Kudu, waya a hannu, ina kallon zaɓen fid da gwani na PDP kai tsaye daga Abuja. A nan rana ba ta faɗi ba, a gida kuwa dare ya yi. Sai ga Aminu Waziri Tambuwal ya sake hawa dandamali bayan ya riga ya gama jawabinsa, ya ce ya janye, masu goyon bayansa su zaɓi Atiku Abubakar. Fili ya kaure. Da aka ƙirga, Atiku ya tashi da ƙuri'a 371, Nyesom Wike 237.

Kafin in isa gida zaurukan WhatsApp sun cika. Wasu na cewa cin amana, wasu na cewa iya siyasa. Ni kuwa abin da ya faɗo mini shi ne wani abu da na gani da idona a wannan jiha shekara biyu kafin nan.

A Fabrairun 2020, a zaɓen fid da gwani na jam'iyyar Dimokurat, kowa ya gama yi wa takarar Joe Biden jana'iza. Ya zo na huɗu a Iowa, na biyar a New Hampshire, a Nevada ma Bernie Sanders ya ba shi rata mai nisa. A unguwarmu kuwa wani hamshaƙin attajiri, Tom Steyer, shi ya cika ko'ina. Kusan kullum na buɗe akwatin wasiƙa sai na tarar da takardarsa mai ƙyalli. Maƙwabciyata wata dattijuwa ce baƙar fata da ta yi ritaya daga aikin girki a makaranta, Mama nake ce mata. Takan tara takardun nan a kan teburin kicin, ta karanta kowace ɗaya da tabarau, amma in na tambaye ta wa za ta zaɓa sai ta ce tana jira tukuna ta ji ta bakin Jim Clyburn, ɗan majalisar da ya daɗe yana wakiltar yankinmu. Ranar 26 ga wata Clyburn ya fito ya ce sun san Joe, kuma abin da ya fi, Joe ya san su. Ranar Asabar 29 ni na kai Mama rumfar zaɓe a motata, na jira ta a waje, don a lokacin ba ni da ƙuri'a a ƙasar. Mutum sama da dubu 500 suka fito a ranar. Biden ya kwashe kusan rabi, ya ci dukkan gundumomi 46 na jihar. Steyer da duk kuɗinsa ya zo na uku, a daren ya ajiye takara.

Daga nan abu ya juya kamar ƙiftawar ido. Lahadi Pete Buttigieg ya janye, Litinin Amy Klobuchar ta bi sahu, kuma a wannan Litinin ɗin duk su biyun suka je Dallas suka mara wa Biden baya. Wayewar gari, ranar Babbar Talata, jihohi 14 suka yi zaɓe, Biden ya ci 10.

Mutanen Sanders suka ce taron dangi aka yi musu, kuma ba su yi ƙarya ba. Lissafin a fili yake: masu sassaucin ra'ayi sun kasa ƙuri'arsu gida huɗu, Sanders yana cin jiha da kashi ɗaya cikin huɗu kawai. Sun kuma ga abin da ya sami 'yan Rifablikan a 2016, lokacin da mutum 17 suka fito, kowa na jiran ɗan'uwansa ya kauce masa, Donald Trump yana ta wucewa da kashi ɗaya cikin uku. Da Ted Cruz da John Kasich suka farga suka ƙulla yarjejeniya a watan Afrilu, bakin alƙalami ya riga ya bushe.

To, wannan lissafin shi Tambuwal ya yi. Ƙuri'ar da Atiku ke hange ta rabu tsakaninsa da Tambuwal da Bukola Saraki da Bala Mohammed, Wike kuma ya zo da ƙarfinsa. Kwana goma bayan haka, a zaɓen fid da gwani na APC a dandalin Eagle Square, 'yan takara bakwai suka janye wa Bola Tinubu, cikinsu har da Badaru Abubakar na Jigawa, ya samu 1,271, Rotimi Amaechi 316, Yemi Osinbajo 235. Don haka ni ban ɗauki janyewa a matsayin abin kunya ba. Duk inda 'yan takara suka yi yawa sai an yi ta. Abin da ke damuna shi ne wanda ya ce wa ɗan takara ya janye, da kuma wanda ya mallaki ƙuri'ar da aka miƙa.

Buttigieg ya samu kashi 8 cikin ɗari a jiharmu, Klobuchar kashi 3. Baƙaƙen fata, waɗanda su ne ƙashin bayan jam'iyyar Dimokurat a kudu, sun nuna musu ba sa yi. Irin su Mama ne suka sallame su. Bayan sun janye ɗin ma ba su da ikon ɗaukar ƙuri'ar kowa su sa a aljihun Biden, iyakarsu roƙo, sai da miliyoyin mutane suka sake fita da ƙafarsu suka yanke hukunci. A Abuja fa? PDP ta kawo daliget ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma, APC uku-uku, kuma duk mai bin siyasar gida ya san inda ake rubuta sunayensu. In gwamna ya juya, daliget ɗinsa sun juya. Mutum 371 suka tsayar wa babbar jam'iyyar adawa ɗan takara a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200. Wannan adadi bai kai sahun sallar Juma'a na masallacin unguwarmu ba.

Inda masu zaɓe ba su da yawa kuwa, nan kuɗi ke samun kasuwa. Fom kaɗai naira miliyan 100 ne a APC, miliyan 40 a PDP. Mohammed Hayatu-Deen ya fice daga takarar PDP dab da zaɓen yana kukan yadda kuɗi ya mamaye harkar, har jami'an EFCC sai da aka gani a filin taron. Amurka ma kuɗi na aiki, sosai ma, kada wani ya ruɗe ku. Amma Michael Bloomberg ya zuba kusan dala biliyan ɗaya na aljihunsa a 2020, abin da ya ci shi ne ɗan ƙaramin yankin tsibiran Samowa ta Amurka. Ana iya bin mutum ɗari huɗu ɗaki-ɗaki a otal cikin dare ɗaya. Jihohi 14 ba sa biyuwa haka.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da ke biyo baya. Wanda jama'a suka kayar a bainar nasi ba shi da wanda zai riƙe a zuci. Sanders ya janye a watan Afrilu, kafin mako ya zagayo ya mara wa Biden baya. Kamala Harris da ta caccaki Biden a muhawarar Yunin 2019 ita Biden ɗin ya ɗauka mataimakiya. Wanda aka kayar da ƙus-ƙus kuwa ba ya mantawa. An ga shugaban PDP na lokacin, Iyorchia Ayu, wanda ya kamata ya zama alƙali, yana kiran Tambuwal gwarzon taron. Wike ya ja gwamnoni huɗu suka zama su biyar, suka juya wa ɗan takarar jam'iyyarsu baya. Kafin nan Rabi'u Musa Kwankwaso ya tafi NNPP, Peter Obi ya fice saura 'yan kwanaki zaɓen. A 2023 Tinubu ya ci da ƙuri'a miliyan 8.8, Atiku miliyan 7 ba kaɗan, Obi miliyan 6.1, Kwankwaso kusan miliyan 1.5. Ukun nan na baya a inuwa ɗaya suke a farkon 2022. Da Obi da Kwankwaso sun san talakan jam'iyya ne zai raba gardama, ina ganin da ba su yi saurin tattara kayansu ba.

Ba ina cewa na Amurka wankakke ba ne. A Yulin 2024 da Biden ya janye, daliget ne suka miƙa wa Harris tuta ba tare da ta nemi ƙuri'ar kowa a zaɓen fid da gwani ba, kuma na ji 'yan Dimokurat da yawa a wurin aiki suna gunaguni a kai. Masalaha ce irin tamu, kuma a Nuwamba ta sha ƙasa. Haka nan kiran 'yar tinƙe da baki ba ya maganin komai. A 2018 APC ta yi, aka sanar cewa Muhammadu Buhari, shi kaɗai a takara, ya samu kusan ƙuri'a miliyan 15, adadin da ya yi kusa da abin da ya samu a duk ƙasa a babban zaɓen 2019. In babu rajistar 'yan jam'iyya ta gaskiya da kowa zai iya dubawa, kuma ba a ƙirga a bayyana sakamako a mazaɓa gaban jama'a ba, ƙato-bayan-ƙato ma a gidan gwamnati za a rubuta shi.

Bayan an gama zaɓukan fid da gwani na PDP da APC a 2022 na kira yayana a gida. Ya fi shekara ashirin yana riƙe da katin jam'iyya, shi ke liƙa fasta, shi ke tara matasa ranar gangami, a ranar zaɓe shi ke kwana a rumfa yana gadin akwati. Na ce, "Yaya, kai wa ka so a tsayar?" Ya yi shiru, har na ɗauka layi ne ya yanke. Can ya ce, "Ƙanena, ka san kai ne mutum na farko da ya yi mini wannan tambaya?"