Zubar Jini Bayan Haihuwa Ba Wankin Ciki Ba Ne

Mutane da yawa sun ɗauka cewa jinin da ke zuba bayan haihuwa ƙazanta ce, wai gara ya fita da yawa ciki ya wanku. Wannan fahimta ta ci rayuka, domin zubar jini shi ne kan gaba cikin abubuwan da ke kashe mata wajen haihuwa.

Jinin biƙi na al'ada yana nan, yakan yi makonni yana raguwa, launinsa yana dusashewa. Mai haɗarin daban ne. Inda mabiyiya ta rabu da bangon mahaifa, hanyoyin jini ne a buɗe, kuma tsukewar mahaifar ce ke toshe su. Shi ya sa ungozoma ke ɗora hannu a ƙasan cibiya: in ta ji tauri kamar dunƙulen hannu, madalla, in ta ji laushi, sai ta fara murzawa nan take. Allurar oxytocin da ake yi da zarar jariri ya fito ma don mahaifar ta tsuke ne.

Rabin lita cikin awa 24 na farko ya isa a kira shi zubar jini mai haɗari, kuma ido yakan raina abin da zane ya shanye. Mai ƙarancin jini tun da cikinta, ƙasa da haka ma ya isa ya jefa ta cikin haɗari.

Ƙunzugu ya jiƙe sharkaf cikin awa guda, gudaji manya, jiri, gumi mai sanyi, zuciya na bugawa da sauri: asibiti za a nufa, ba a jira gari ya waye.