Kafin ka sayi antibayiros, duba wanda aka kashe maka

Ɗalibin da ya sayi laftof ta hannu zai fara karatu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, da mai shagon buga takardu a Ƙofar Ƙaura, da akawun kantin magani a Daura, duk tambayarsu ɗaya ce in sun je wurin mai gyara: wane antibayiros, wato manhajar da ke kare kwamfuta daga ƙwayar cuta, ya fi ƙarfi? A ganina an yi gaggawar wannan tambaya. Da yawa daga cikin kwamfutocin da ƙwayar cuta ke kayarwa a garuruwanmu da kariyarsu suka zo. Da hannu aka kashe ta.

Ga yadda ake yi. Ka sayi na'ura, ka ce a zuba maka komai. Mai gyara ya ɗauko filas ɗinsa mai ɗauke da Windows da Office da CorelDRAW, babu ko ɗaya da aka biya kuɗinsa. Ba za su yi aiki ba sai an fasa kullensu da wata 'yar manhaja da masu gyara ke kira kirak. Shi kuwa Microsoft Defender, antibayiros ɗin da ke zuwa kyauta a cikin Windows 10 da 11, yana ganin kirak zai cafke shi. Sai mai gyara ya kashe Defender ya yi aikinsa, kuma sau tari ba zai sake kunna shi ba, don ya san in ya kunna, jibi za ka dawo kana ƙorafin Office ya tsaya. A madadinsa sai ya ɗora maka wani mai babban suna, shi ma na kirak, ya nuna maka koriyar alama a kan allo ya ce, "Yallaɓai, yanzu ba abin da zai shiga." Ka biya, ka yi godiya, ka tafi.

Koriyar alamar nan ita ce matsalar. Ƙarfin antibayiros yana cikin sabuntawar da yake karɓa daga kamfaninsa kusan kullum, domin kullum ana ƙirƙiro sababbin ƙwayoyi. Na kirak yawanci an toshe masa hanyar magana da kamfanin don kada a gane na sata ne, ka ga ya zama mai gadin da aka ba hotunan ɓarayin bara. Wani lokacin ma kirak ɗin da kansa ne ke shigo da cutar. Manhajar garkuwa da fayil mai suna STOP/Djvu, wadda ke kulle hotuna da takardun mutum ta nemi kuɗin fansa, babbar hanyar yaɗuwarta ita ce manhajojin sata da ake saukewa daga intanet.

Sai batun data. Mutanenmu na kashe sabuntawar Windows saboda tana shanye data, kuma ba zan ga laifinsu ba, kowa ya san yadda kuɗinta ya tashi. Amma a tuna da WannaCry, wata manhajar garkuwa da fayil. A watan Mayun 2017 ta auka wa kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, ta tsayar da aiki a asibitocin gwamnati da dama a Ingila, alhali tun watan Maris na shekarar Microsoft ya fitar da gyaran ƙofar da ta bi. Waɗanda ta kama su ne waɗanda ba su sabunta ba. Mu kuma har yau akwai shagunan da ke kan Windows 7, wadda aka daina yi wa gyara tun Janairun 2020. Ita ma Windows 10 wa'adin tallafinta na kowa da kowa ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025. Duk tsadar antibayiros ɗin da ka ɗora a kan irin wannan na'ura, ɓarakar da ke jikin Windows ɗin tana nan.

To me mutumin gida zai zaɓa? Kai tsaye nake cewa Defender ya ishe shi, matuƙar a kunne yake kuma yana sabuntawa. Ba son kyauta ya sa na faɗi haka ba. Akwai cibiyoyi masu zaman kansu da aikinsu ke nan, gwada waɗannan manhajoji: AV-TEST a birnin Magdeburg na Jamus, da AV-Comparatives a Innsbruck ta Ostiriya. Sakamakonsu a buɗe yake ga kowa, kuma shekaru ke nan Defender na kafaɗa da kafaɗa da na kuɗi wajen tare ƙwayoyi. Wanda hankalinsa bai kwanta ba sai ya ƙara da Malwarebytes na kyauta, ya riƙa bincike da shi jefi-jefi. Abin da ba a yi shi ne haɗa manyan antibayiros biyu su yi gadi lokaci guda; rikici za su yi ta yi da juna, na'urar ta yi nauyi. Smadav da ake ji da shi a shagunan kafe, wanda aka ƙera a Indonesiya, yana da amfaninsa wajen tsaftace filas, amma su kansu masu shi mataimaki suke kiransa, ba babban mai tsaro ba.

Kyauta ma sai an duba ta. A Fabrairun 2024 hukumar kasuwanci ta Amurka, FTC, ta sanar da cewa Avast zai biya dala miliyan 16.5 bisa zargin sayar da bayanan shafukan da masu amfani da shi ke ziyarta, ta hannun reshensa Jumpshot.

Mai kasuwanci lissafinsa daban ne. Shagon buga takardu a kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, lokacin da ɗalibai ke haɗa furojet, filas nawa ke shiga kwamfutarsa daga safe zuwa magariba? Ɗaya kawai ya isa ya kawo ƙwayar nan da ke ɓoye fayiloli ta bar alamomin fayil na ƙarya a wurinsu, mai shago ya raba wa duk wanda ya zo bayansa. Ga kuma abin da ke jibge a cikin na'urar: takardun NIN, hotunan fasfo, sakamakon jarrabawa, bayanan banki. Amanar mutane ce, kuma tun da aka sa hannu kan Dokar Kare Bayanai ta Najeriya a Yunin 2023, tsare irin waɗannan bayanai wajibi ne a kan mai riƙe da su. Makaranta mai zaman kanta, asibiti, kantin magani, duk wanda ke da kwamfuta biyar ko goma, ya cancanci ya biya kuɗin lasisi na gaske.

Wanne? Bitdefender na Romaniya, ESET na Silobakiya, Sophos na Ingila, Kaspersky na Rasha, duk sanannu ne, sai dai Amurka ta hana sayar da Kaspersky a ƙasarta a 2024 bisa dalilan tsaro, don haka mai hulɗa da abokan ciniki na can ya yi la'akari. Ni suna bai dame ni ba kamar tambayoyin da za a yi wa dillali. Lasisin na kwamfuta nawa ne? Daga wuri ɗaya maigida zai iya ganin wace na'ura ce ba ta sabunta ba? Zai iya hana yaron shago kashe shi? Tsohuwar na'ura mai ƙaramar ƙwaƙwalwa, ram 4, za ta ɗauke shi? Da naira ake sabunta lasisin ko da dala, kuma da kansa yake cirar kuɗi daga kati? A sa lambar lasisin a gaban idonka, ka ga kwanakin da suka rage, ka tabbata da adireshin imel ɗinka aka yi rajista ba na dillalin ba.

Bayan haka a sayi ma'ajiyar fayil ta waje, wato hard disk da ake jonawa da kwamfuta, a riƙa kwafe muhimman fayiloli duk mako, a zare shi a sa a durowa. In aka bar shi a jone, manhajar garkuwa za ta kulle shi tare da sauran. Yaran shago kuma a buɗe musu asusu na talaka, mara ikon canza saitin na'ura, a Windows, kalmar sirrin babban asusun ta zauna a hannun maigida.

Wanda kuɗin Office ya fi ƙarfinsa, akwai LibreOffice, kyauta ce halal, tana buɗe takardun Word da Excel, ba ta buƙatar a kashe komai kafin ta yi aiki. Wanda kuma ya riga ya karɓo na'urarsa daga wurin gyara, ya rubuta Windows Security a wurin bincike ya buɗe, ya ga ko kariyar a kunne take da ranar da ta yi sabuntawar ƙarshe. In ya tarar an kashe ta ko ta ƙi kunnuwa, ya koma wurin mai gyaran ya tambaye shi me ya ɗora da ba ya son Defender ya gani.