Ka bar BIOS ɗin katinka, ka rage masa wuta

Jama'a, wani yayi ya shigo wa samarinmu masu haɗa kwamfutar gem da masu tace bidiyo a Kaduna, kuma yana damuna. Da yaro ya sayi katin girafik na hannu, tun bai kakkaɓe ƙurar da ke cikin fankarsa ba, sai ya fara cigiyar wanda zai yi masa fulashin ɗin BIOS, wato sauya manhajar da ke cikin katin, don katin ya ƙara gudu. Ni dai ra'ayina a fili yake: da irin zafin garin nan da irin wutarmu, taɓa BIOS don neman gudu kasada ce da ribarta ba ta kai asararta ba.

Ɗaga gudu ta manhaja da fulashin ɗin BIOS ba ɗaya ba ne, ko da yake ana yawan cakuɗa su. Idan ka buɗe manhajar MSI Afterburner, ko sashen gyara na manhajar Adrenalin ta AMD, ka ɗaga gudun katin, umarni ne kake ba shi bayan Windows ta tashi. In ka zarce, gem ɗin zai tsaya ko ka ga ɗigo-ɗigo a allo. Ka kashe ka kunna, komai ya koma yadda yake, muddin ba ka sa saitin ya riƙa hawa da kansa ba. Kamar murza totur ɗin babur ne, ka saki ya dawo. BIOS kuwa yana zaune ne a cikin wani ɗan guntu a jikin katin, shi katin yake fara karantawa da zarar wuta ta shige shi. A nan aka rubuta gudunsa, iyakar wutar da zai ja, yadda fanka za ta juya, da lokutan aikin memori. Manhajojin fulashin, NVFlash ko AMDVBFlash, suna goge abin da ke ciki ne su rubuta sabo. Aikin ba ya daɗewa, amma in aka ɗauke wuta tsakanin gogewa da rubutawa, allo ya yi baƙi ke nan. Wa zai dafa ƙirji a Tudun Wada ko Kawo ya ce ba za a ɗauke wuta a wannan mintin ba?

Na san inda abin ya samo suna, kuma ba ƙarya ba ne. A ƙarshen 2010 mutane sun gano cewa Radeon HD 6950 na farko-farko, in aka sa masa BIOS ɗin HD 6970, ƙwayoyin lissafinsa suna tashi daga 1408 zuwa 1536. Riba ce ta gaske, kyauta. A 2017 masu Vega 56 sun yi ta sa BIOS ɗin Vega 64 don memorin ya samu ƙarin wuta. Ita kanta AMD a Janairun 2020 ta amince da sabon BIOS na RX 5600 XT wanda ya ɗaga memorin wasu katunan daga 12 Gbps zuwa 14. To amma wancan zamanin ya wuce. Tun daga jerin GTX 10 na 2016, katin Nvidia ba ya karɓar BIOS ɗin da ka gyara da hannunka, sai mai sa hannun kamfani. Abin da ya rage wa yawancin masu yi yau shi ne ɗauko BIOS ɗin wani kati mai tsada su ɗora wa nasu, don iyakar wutar ta ƙaru.

A nan ne fa nake cewa a tsaya. Ƙarin wuta ƙarin zafi ne. Bature da ka gani a YouTube yana gwajinsa ne a ɗaki mai sanyi. Kai kuma a watan Maris da Afrilu ɗakinka yana iya haura digiri 35, ga ƙurar hunturu ta riga ta toshe ƙarfen sanyaya katin. Katunan zamani da kansu suke rage gudu idan sun ɗumama, don haka wutar da ka buɗe masa fanka ce za ta yi ta kuka a kanta, gudun kuma ya sauko inda yake tun farko. Mai aiki da inbata ko ƙaramin janareta ya ma fi kowa jin wannan a aljihunsa. Ko a inda komai ya tafi daidai, ƙarin gudun da ake samu da wuya ya haura kashi 10 cikin 100. Gem mai tafiya a firam 60 a daƙiƙa ya koma 65. Ido ba zai gaya maka ba sai ka kalli lambar.

Ga kuma abin da masu koyarwa a bidiyo suke tsallakewa. Kati biyu masu suna ɗaya, kamfani ɗaya, suna iya zuwa da memori daban: wannan Samsung, wancan Hynix ko Micron. BIOS ɗin da ya yi wa abokinka aiki yana iya hana naka nuna hoto. Na hannu kuma ba shi da garanti, babu wanda za ka mayar wa.

Abin da na fi so ƙannenmu su koya shi ne rage wa katin boltej. A Afterburner ka danna Ctrl da F, layin gudu da boltej zai fito, ka nemi mafi ƙarancin wutar da katin zai riƙe gudunsa a kai ba tare da ya tsaya ba. Katin zai yi sanyi, fanka ta yi shiru, kuma sau da yawa gudun ya fi tsayawa wuri ɗaya saboda zafi bai tilasta masa sauka ba. Haɗa wannan da kakkaɓe ƙura da canja man da ke tsakanin guntun da ƙarfen sanyaya. Tsohon kati da aka yi wa haka ya kan ba mai shi mamaki.

Akwai wuri ɗaya da nake goyon bayan fulashin, kuma ya shafe mu sosai. Bayan Ethereum, ɗaya daga cikin kuɗin kirifto, ta daina amfani da katin girafik wajen haƙa a Satumbar 2022, katunan masu haƙar kirifto sun cika kasuwannin duniya, har da namu, musamman RX 570 da RX 580. Da yawansu an riga an gyara musu BIOS da Polaris BIOS Editor, an matse lokutan memori don haƙa. Irin wannan katin ne za ka sa masa direba ya ƙi hawa, Windows ta nuna saƙon matsala na Code 43, ko gem ya riƙa tsagewa. Maganinsa a mayar masa da BIOS ɗinsa na asali. Kuma da wannan dabarar ta fulashin ake damfara: tsohon GTS 450 a sa shi ya kira kansa GTX 1050 Ti. Shi ya sa nake roƙon duk mai saye, a shago ne ko ta intanet, ya sa a buɗe masa GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kati, a gabansa kafin ya biya. RX 580 na sosai ƙwayoyinsa 2304 ne. In ka ga 2048, ƙarfin RX 570 kake saye.

Idan dole ta sa za a yi, a fara adana tsohon BIOS da GPU-Z a filas, a duba sunan memorin, a nemo wanda ya dace da katin daidai, a jona kwamfutar a UPS mai batir mai kyau. In katin yana da ɗan makunnin BIOS biyu, kamar yawancin Sapphire Nitro+, a taɓa ɓangare ɗaya kawai. Mai gyaran da zai karɓi kuɗinka kuma ka tambaye shi ko yana da CH341A, na'urar da ake maƙala wa guntun a sake rubuta shi idan katin ya mutu. In ba shi da ita, ɗauki katinka ka gwada wani shagon.