Kafin ka kira mai injin wankin mota ya wanke maka bangon gida

A 'yan shekarun nan wata al'ada ta shigo mana Katsina, musamman a sababbin unguwannin da ke bayan ganuwa, wato idan Sallah ta gabato ko za a yi biki sai maigida ya aika a kira masa yaran da ke wankin mota, su zo da injinsu su fesa wa katanga da fuskar gida ruwa tun daga rawani har ƙasa. Ba na ganin laifin wanda yake son gidansa ya yi kyau, domin tsafta abu ce da addini ma ya kwaɗaitar da mu a kanta. Abin da yake damuna shi ne wasu maganganu da ake yi a kan wannan inji kamar an tabbatar da su, alhali da yawansu ba su da tushe, kuma maigida ne yake biyan kuɗinsu daga baya a hannun birkila da mai fenti. A ganina yawancin bangayen garin nan ba su buƙatar wannan inji, wasunsu ma illa yake yi musu.

Maganar da aka fi ji ita ce wai gwargwadon ƙarfin ruwa gwargwadon fitar datti, shi ya sa za ka ji ana cewa yaro ya ƙure injin. Ya kamata mu fara sanin irin ƙarfin da ake magana a kai. Ana auna matsin ruwa da ma'aunin da ake kira bar, kuma tankin da aka ɗora a kan hasumiya mai tsawon mita 10 ba ya ba da abin da ya wuce bar 1 a bakin famfo. Iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota ba ta kai bar 3 ba. Ƙananan injunan feshi masu amfani da lantarki suna ba da tsakanin bar 100 zuwa 160, masu amfani da fetur kuwa, irin na wuraren wankin mota, sukan kai bar 200 har su wuce. Ke nan abin da yaron yake riƙe da shi ya ninka ruwan tankin gidanka sau ɗari zuwa ɗari biyu, kuma an tattara shi ya fita ta wata 'yar ƙaramar kafa.

To, mene ne dattin da ke jikin bangonmu da har yake buƙatar wannan? Galibinsa ƙurar hunturu ce wadda take sauka daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sai jar ƙasar da ruwan damina yake fantsamawa a gindin katanga, sai saƙar gizo da gidan zanzaro da kashin tsuntsaye. Ƙura ba ta manne wa bango kamar yadda baƙin mai yake manne wa ƙarfe. Zama kawai take yi a kansa, kuma doguwar tsintsiya ko buroshi mai laushi da ruwan tiyo suna sauke ta. Wani Bajamushe mai suna Alfred Kärcher shi ne ya fara ƙera irin wannan inji mai feshin ruwan zafi a Turai a shekarar 1950, kamfaninsa kuma yana nan har yau, kuma aikin da injin ya fi ƙwarewa a kai shi ne cire maiƙo da taɓon da suka kama ƙarfe ko kankare. Bidiyoyin da muke gani a Facebook da TikTok, inda ake bin baƙar dakali da feshi tana komawa fara tas, yawancinsu daga Amurka da Ingila suke, ƙasashen da ruwan sama da danshi suke sa gansakuka ta lulluɓe dutse da jan bulo. Mu da muke samun ruwa na wata huɗu a shekara, rana kuma ta gasa bango sauran watannin, matsalarmu daban ce da tasu. Ko a can ɗin ma, masu sana'ar da suka san aikinsu ba su saka wa bango mai fenti cikakken ƙarfin inji, sai su yi amfani da sabulu da magani da ruwa mai sauƙi.

A nan ne ya kamata kowa ya tambayi kansa da me aka yi bangonsa. Gidajenmu na zamani da bulon siminti ake gina su, mai rami a ciki, sai a shafa masa filasta wadda kaurinta bai wuce santimita ɗaya da rabi ba, sai fentin ruwa a kai. Kowa ya san yadda wasu masu buga bulo suke ja wa buhun siminti rai domin ya ba da bulo mai yawa, kuma ba kowane birkila ba ne yake tsayawa a ba filasta ruwa na kwanaki har ta kama, musamman idan aikin ya faɗo a watan Maris ko Afrilu lokacin da zafi yake busar da ita kafin ta yi ƙarfi. Irin wannan filasta idan ka goga mata yatsa za ka ga yashi yana zuba. Idan aka saka mata ruwa mai bar 150 daga kusa, abin da yake fita tare da ƙura shi ne fuskar fentin da wani ɓangare na simintin da ya riƙe yashin. Bangon zai yi haske a ranar, maigida ya yi murna, amma an bar shi da kaushi da ƙananan ramuka, kuma bango mai kaushi ya fi saurin kama ƙura. Shi ya sa wasu suke mamakin yadda gidan da aka wanke da inji yake riga na maƙwabci yin datti. Fenti mai gurza-gurza da ake yayi yanzu ya fi shan wahala, domin da zarar ruwan ya sami gefen da ya ɗan ɗaga sai ya shiga ƙarƙashinsa ya ɓare shi falle-falle, gyaransa kuma ba ya taɓa sajewa da na asali.

Sai masu cewa ai ruwa ne kawai, kuma bangon da ya jure ruwan Agusta ba zai kasa jure na inji ba. Ruwan sama daga sama yake zuwa, kuma an tsara gini ne domin ya kauce masa: akwai bakin kwano da ya leƙo, akwai indararo, akwai gangaren taga. Ruwan inji kuwa daga ƙasa ake harba shi zuwa sama, yana bin hanyoyin da magini bai taɓa tanadar musu kariya ba. Yana shiga ta tsagar da ido ba ya gani sosai, ya taru a ramin bulo, bayan kwana biyu sai a ga fentin cikin ɗaki ya kumbura ko silin ya yi tabo. Yana kutsawa ta gefen tagogin alminiyam inda gam ya bushe, yana shiga akwatin mita da soket ɗin waje da fitilun katanga. Idan ya kai ga rodin da ke cikin lintal ko ginshiƙi, tsatsa za ta fara, ƙarfe mai tsatsa kuma kumbura yake yi har ya fasa kankaren da ya rufe shi. Injin sanyaya ɗaki da ke rataye a waje yana da siraran fukafukan alminiyam waɗanda feshi ɗaya yake lanƙwasawa, farantan sola kuma masu ƙera su sukan hana a wanke su da matsi mai ƙarfi saboda roba da gam ɗin da ke gefensu.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne gidajen cikin gari. A tsofaffin unguwanni da ke kewaye da Ƙofar Soro akwai gidaje masu yawa waɗanda asalinsu ginin ƙasa ne da tubali, daga baya aka shafe su da siminti aka yi fenti, har baƙo ya ɗauka ginin bulo ne. Siminti ba ya kama ƙasa da kyau, kullum akwai ɗan sarari a tsakaninsu. Ruwan da aka tura ta tsaga ɗaya zai zauna a wannan sarari ya jiƙa tubalin, simintin kuma ya hana shi bushewa, sai wata rana shafen ya faɗo gaba ɗaya ko gindin bangon ya zauna. Magabata da suka bar mana hasumiyar Gobarau da tsohon ginin Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 sun san abokin gabar ginin ƙasa shi ne ruwan da ya shiga cikinsa, don haka suke yaɓe da makuba ta kwasfar ɗorawa, da laso wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, kuma suke sabunta yaɓen kafin damina. Duk bangon da ke da ƙasa a cikinsa, ko da an rufe ta da siminti, bai kamata bakin wannan inji ya kalle shi ba.

Akwai kuma wani farin gari mai kama da kanwa da yake fitowa a gindin bango yana cin fenti. Mutane da dama suna kiran mai inji dominsa. Gishiri ne da danshi yake ɗaukowa daga ƙasa ko daga cikin bulon, idan ruwan ya bushe sai ya bar shi a fuska. Wanda ya fesa masa ruwa ya narkar da shi ne ya mayar da shi ciki, ya kuma ƙara masa ruwan da zai sake fito da shi. Busasshen buroshi ake sa masa, sannan a nemi inda danshin yake fitowa, ko kwata ce take tsiyaya, ko famfon alwala ne a jikin bango, ko kuwa tun farko ba a shimfiɗa ledar hana danshi a kan harsashin ginin ba. Haka ma baƙin da yake fitowa a ƙarƙashin tanki ko bayan banɗaki: abu ne mai rai, feshi yana share samansa ne kawai, kuma zai dawo. Ruwan bilic irin su Jik ko Hypo da aka sirka, a bar shi ya ɗan jima sannan a ɗauraye, shi yake kashe shi. Sai dai kada a kuskura a haɗa bilic da maganin wanke masai mai asid, domin haɗin yana fitar da iskar kulorin mai ƙona huhu.

A batun ruwa kuwa, masu yabon injin da masu kushe shi duka sun faɗi rabin gaskiya. Ba daidai ba ne a ce ya fi tiyo ɓarnar ruwa, domin ƙaramin inji yana jan kimanin lita 6 zuwa 10 a minti, buɗaɗɗen tiyo mai ƙarfi kuwa yakan zubar da fiye da haka. Amma wannan ba ya nufin ruwan kaɗan ne. Injin da yake jan lita 8 a minti zai sha lita 480 a awa guda, wato jarka 19 mai lita 25, kuma aikin awa uku ya kusa ƙarar da tanki mai lita 1,500. A garin da ruwan madatsar Ajiwa ba ya isar kowa, inda gidaje da yawa suka dogara da 'yan ga-ruwa da rijiyar burtsatse, wannan lissafi ne da ya kamata a yi kafin a tayar da inji, balle idan ruwan zai ƙare ne a kwance a ƙofar gidan maƙwabci.

Ba kuma gaskiya ba ne cewa duk wanda ya iya wanke mota ya iya wanke gida. Fentin mota an gasa shi a kan ƙarfe, ba shi da alaƙa da fentin ruwa a kan filasta. Bakin bindigar feshin ma kala-kala ne: ja yana fitar da ruwa a tsaye kamar allura, rawaya yana buɗewa digiri 15, kore 25, fari 40, baƙi kuma na sabulu ne. Da yawa daga cikin yaran ba wanda ya taɓa yi musu wannan bayani, kuma su ne suka fi shiga haɗari. Ruwan yana huda fata, ramin ya zama ɗan ƙarami kamar ba komai, alhali ya tura datti can cikin nama, kuma irin wannan rauni asibiti ake kai shi a ranar. Na sha ganin ana aikin da silifa a ƙafa, ko a kan tsani, alhali bindigar tana tura mai riƙe da ita baya duk lokacin da ya danna. Injin fetur da aka ajiye a cikin zaure ko gareji yana tara hayaƙi iri ɗaya da na janareta wanda yake kashe mutane a rufaffen ɗaki. Tsofaffin gidajen ma'aikata masu rufin asbestos kuwa kada a taɓa rufinsu da feshi sam, domin yana sakin siraran zaruruwa waɗanda idan suka bushe aka shaƙe su suke jawo cutar huhu da ciwon daji bayan shekaru masu yawa.

Duk da haka injin yana da wurinsa, kuma a wurin nan babu kamarsa. Daɓen kankare da ya daɗe da bushewa, garejin da mai ya ɗiga, kwatar da ta cushe, ƙofar ƙarfe, tayil ɗin tsakar gida, duk aikinsa ne. Intalok ma ana wankewa, muddin an san cewa feshin zai kwashe yashin da ke tsakanin duwatsun, kuma dole a mayar da shi bayan ya bushe, in ba haka ba su fara motsi ƙarƙashin tayar mota. Sabon siminti a bar shi ya yi aƙalla kwana 28. Wanda kuma ya nace sai an wanke masa bango mai ƙwari, to ya tsaya a wurin da kansa: a fara share ƙurar a bushe, a toshe tsagogi, a kashe wutar waje a rufe mita da soket, a sa wa bindigar farin baki, a ja baya kamar kamu biyu, a karkata ruwan ƙasa, a kuma gwada a wani lungu da ba a gani kafin a taɓa fuskar gida. Idan ruwan da ke gangarowa ya fito da launin fentin, a kashe injin a ɗauko bokiti da buroshi. Kuma wanda ya wanke bango a Disamba ya sani cewa kafin mako biyu hazo zai mayar masa da abinsa, don haka gara ya jira hunturu ya wuce.