Kai kaɗai ne ba ka ganin fuskarka

Ranar da na fara tsayawa gaban kyamara, magana ce ta layi biyu kacal aka ba ni, amma sai da darakta ya yi ta cewa "a sake" har na daina ƙirgawa. Duk sanda ya ce "kat", wato a tsayar da ɗauka, sai in ji kamar ya mare ni a bainar jama'a. Kuma gyaran bai taka kara ya karya ba: "Malam, sauke girarka, kana ɗaga ta da yawa." A raina ina cewa, ni da nake jin baƙin cikin har cikin ƙirjina, wa zai koya min yadda ake nuna shi?

Da ya ga na fara ɗaure fuska sai ya yafito ni, ya dawo da hoton baya a ƙaramin allon da ke gabansa. Na ga wani mutum yana zare ido, yana murɗa baki, kamar mai wasa a dandamali da yake so na can ƙarshen zaure ya hango shi. Ni ne. Abin da nake ji a ciki daban, abin da kyamara ta kwasa daban.

Tun daga ranar ra'ayina bai canja ba: a wurin ɗaukar fim, kowa yana ganin fuskarka sai kai. Ko muryarka ba ka jin ta yadda take, domin tana iso maka har ta ƙasusuwan kanka, ba ta iska kaɗai ba, shi ya sa idan aka kunna maka abin da aka naɗa kake jin ta kamar ta baƙo. To wanda bai san ainihin muryarsa ba, me zai sa ya ƙi sauraron mai kallonsa?

Yawancin gyaran ma ba ruwansa da iyawarka. Fim yana tafiya ne a kan hoto 24 cikin daƙiƙa ɗaya, ƙiftawar ido ba ta ɓuya. Idan aka matso da hoto kan fuska, ka ɗan gusa daga alamar da aka manna maka a ƙasa, sai hoton ya dushe. Idan kofi yana hannunka na dama a ɗauka ta farko, ka mayar da shi hagu a ta biyu, edita, mai harhaɗa hotunan, ne zai kwana yana neman yadda zai haɗa su. Kimanin shekara 100 da suka wuce, Lev Kuleshov na ƙasar Rasha ya ɗauki fuska guda da ba ta nuna komai, ya haɗa ta da hotuna daban-daban, masu kallo suka ga yunwa a nan, baƙin ciki a can. Wato ma'anar fuskarka tana rataye da hoton da zai zo kafinta da bayanta, kuma darakta ne yake riƙe da wannan a kansa.

Ban ce ka zama tabarma ba. Akwai masu fakewa da gyara suna cin mutunci, wannan ba ya cikin maganata, kuma babu wanda ya wajaba ya jure shi. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Abin da ya fi yi min zafi shi ne in ga yaro mai baiwa, an ce masa "rage sauri", ya tsaya yana bayanin dalilinsa na minti biyar, mai ɗaukar hoto yana jira, hasken rana yana tafiya. Ɗan'uwa, gwada tukuna. Idan ba ka gane ba, tambaya: "Me kake so ya fito a nan?" In kana da wata fahimta, nemi a ba ka ɗauka ɗaya bayan ka yi ta darakta.

A wancan sin ɗin, wato fitowata ta ranar farko, na koma kan alamata, na saki fuskata, na faɗi layin kamar da mutum ɗaya nake magana. Ni ji na yi kamar ban yi komai ba. Darakta ya ɗago kai daga allon ya ce, "Ita ke nan, mu je na gaba."