Laifin waya ne, ba na kwamfutar ba

Wallahi tun jiya abin nan yake cina a rai. A wani bidiyo ne, mutum ya tsinci tsohuwar kwamfuta Commodore 64 a kayan gwanjo ya jona ta da talabijin ɗin bango ta ramin eriya, hoto ya fito dishi-dishi, shikenan ya yanke hukunci wai kwamfutocin da duk tarkace ne. Haba malam!

Laifin wayar da ya jona ta da ita ne. Ta ramin eriya ana cakuɗa hoto da sauti ne kamar na tashar talabijin sannan akwatin ya sake warware su, to yaya rubutu ba zai yi inuwa ba? Ka juya bayan kwamfutar, yawancinsu suna da wani zagayayyen rami mai fil 8 da yake fitar da haske daban launi daban, ka nemo wayar S-Video ka sa a nan. Ni ranar da na canza tawa har ɗigon da ke cikin harafi ɗaya nake iya ƙirgawa. Kuma ka duba daga ina ta zo, ta Amurka tsarin hotonta NTSC ne mu kuma tsarin PAL muke, shi yasa wani lokacin launi ke ɓacewa gaba ɗaya, cajarta ma ta wutar 110 ce, ka soka ta kai tsaye a wutarmu ka ƙona ta.

Masu cewa ai wayar hannunsu ta fi ta, wa ya yi muku musu? Na'urar 1982 ce, ɗigo 320 a 200, launi 16. A ba ta wayar da ta dace tukuna kafin a zage ta, iyakar maganata kenan.

Abin da ya fi min ciwo mai bidiyon ko BASIC, yaren ba ta umarni da ke cikinta, bai taɓa ba. Kana kunna ta READY ce ke jiranka, ka rubuta POKE 53280,0 gefen allon ya koma baƙi nan take, yaro ɗan shekara goma ya ga haka ba zai tashi daga wurin ba. Littafinta Programmer's Reference Guide yana intanet, wanda ba shi da na'urar kuma ya sauke VICE, manhajar da ke kwaikwayonta a kwamfutar zamani, kyauta ce.